Sandar da Ya Bari a Bakin Get

Ran da aka ce an ƙi biyan maigidana diyyar raunin da ya samo a bakin daga, na zagi mutanen Abuja har maƙwabta a Angwan Iya suka leƙo. Mutumin da bam ya farfasa wa ƙugu, wai lafiyarsa ƙalau? Diyyar nan kuwa da ita muke sa ran a yi masa aiki.

Abokinsa da ya raka shi ne ya tsegunta min. Ashe gogan naku da ya isa wurin likitocin soja, sandarsa ya bar wa mai lemo a bakin get, ya haɗiyi maganin kashe ciwo, ya shiga yana taku kamar a fareti. Aka ce yaya jiki, ya ƙame ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Su kuwa suka rubuta da sauƙi.

"Malam, ka kyauta," na ce masa. "Gaisuwa ka je yi?"

"To so kike soja ya yi raki gaban manyansa?"

Haushi ya hana ni cin tuwo ranar. Amma ɗaukaka ƙara ba fashi. Na kife tandar masata na yi ta sintiri zuwa Abuja, har cunkoson Mararaba ya san fuskata, aka sa mana rana.

Ran tafiya na ɓoye ƙwayoyin kashe ciwon a buhun gero. A bakin get ya soma neman inda zai jingine sandar, na danne hannunsa a kanta.

"Da ita za ka shiga, ko in shiga in yi bayanin da kaina. Ka dai san bakina."

Ya shiga yana jan ƙafa, gumi na tsiyaya. Babban likitan ya ce, "Yaya jikin?"

Na ga bakin Malam ya ɗauko "da sauƙi". Sai ya fasa, ya ce:

"Yallaɓai, tun da na dawo goshina bai taɓa ƙasa ba. A kujera nake sallah, a cikin ɗaki, kada 'yan unguwa su gani."

Ni nake ajiye masa kujerar kullum, amma ban taɓa jin ya faɗa da bakinsa ba.

Wannan karon sun amince, aka yi aikin da damina. Ran da ya fara kai goshinsa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba har na tsorata. Na matso kusa, sai na ji ashe kuka yake yi.