Yaya Habu Tsaba da Kangon Babura

Ku da kuka san Yaya Habu Tsaba a Kazaure kun san ba ya ɗaga kai idan yana tafiya. Kullum ido a ƙasa, sanda na tone-tone. Har wani malamin unguwarmu ya taɓa ba da misali da shi, wai samari su koyi kamun kai a wurin Habu. Ni Ladi, ƙanwarsa ciki ɗaya, da labarin ya iso ni sai da na yi dariya har da hawaye. Kashin jaki yake nema.

Sana'arsa sayen gidaje ya zuba 'yan haya, kuma kuɗi hannu yake saye, shi ya sa sunan Tsaba ya bi shi. In ka tambaye shi yadda yake gane inda haya za ta yi tsoka, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Inda jaki ya tsaya, falke ne ya tsaya. Falke kuwa dole ya kwana, kuma ba a kan jakinsa zai kwana ba."

Wani dillali ya taɓa ɗaukarsa har Gwiwa ya ga gida, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe. Yaya ya tsaya a waje, ya dubi ƙasa hagu da dama, ya ce su koma.

"Malam Habu, ko zauren ba ka leƙa ba."

"Ƙofar gidan nan ta cika tsabta. Akuya ma ba ta ga dalilin tsayawa ba, ni ne zan tsaya?"

Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, motoci suka fara korar jakuna, muka ce to, ilimin Yaya ya ƙare. Ashe darasi kawai ya sauya. Ya koma bin baƙin man da motoci ke ɗigarwa. A Roni aka tarar da shi durƙushe a tsakiyar hanya yana shinshina ƙasa, mutane suka rugo da ruwa, sun ɗauka farfaɗiya ce. Ya daka musu tsawa. "Ku matsa, za ku wanke mini shaida. A nan akori-kura ke tsayawa, kuma kullum." Kafin damina ya jera shaguna a wurin.

Duk wannan abin dariya ne a wurina, sai da abin ya zo kaina. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu da 'yan shanu, ga fari ya kunno kai. Na sayar da shanun tun suna da nama, na ƙulle kuɗin a zane na kai wa Yaya. Ban da wannan ƙullin ba mu da komai a duniya. Na ce akwai gidan kwano nan cikin Kazaure, shi nake so, in sa ma'aikacin gwamnati mai albashi.

Bayan mako biyu ya dawo yana washe baki. Ya sayo mini kango a Babura, bayan karar shanu, rabin katangarsa a ƙasa.

Na ce, "Yaya, marayu ka yi wa haka?"

"Ma'aikacinki mutum ɗaya ne, Ladi. Takarda ɗaya za ta mayar da shi Kano. Wa zai yi wa kasuwar shanu canjin wurin aiki?"

"Wurin fa an ce wari yake."

"Ai warin na saya."

Na yi kuka, na yi fushi, na ce ƙafata ba za ta taka gidan nan ba. Tsoro ne ya cika ni, don in abin ya lalace ban san inda zan nufa da yaran ba. Shi ko a jikinsa. Ya yanka kangon ƙananan ɗakuna, ya ware ɗaya na ajiyar hatsi, mutanen Nijar masu kawo dabbobi suka cika shi maƙil. Gidan kwanon da na so kuwa, wani ya saya, aka ɗauke ma'aikacin, jemagu suka tare a ciki kyauta.

Duk ƙarshen wata sai ga shi da kuɗin haya a cikin hula, naira da sefa a cakuɗe. In karɓa da yatsa biyu in ce, "Kuɗin nan warin shanu suke." Shi kuma ya ce, "Kawo in mayar." Haka muka yi ta yi har yaran suka gama makaranta, ba wanda ya kwana da yunwa. Ko sisi bai taɓa cira ba, ladansa kwanon fura, ita ma sai ya ce ta yi ruwa.

Sai bayan Yaya ya rasu, an yi sadakar arba'in ɗinsa, na hau mota na je Babura. Na tsaya a ƙofar gidan da ya ciyar mini da 'ya'ya, na ƙare masa kallo. Wallahi mummuna ne, babu ƙarya a maganata. Na dafa katangar, na juya don in faɗa wa Yaya haka, babu wanda zai ba ni amsa.

Allah ya jiƙan Yaya Habu. Yadda ya rufa wa marayuna asiri, Allah ka rufa masa, ka ba shi gida a Aljanna.