Tagogin Rufin da Merv Hollitt Ya Sa

Shekara ashirin da shida Merv Hollitt ya yi yana hawa rufin motocin kwana a garin Bowen, irin masu gado da kicin a ciki, waɗanda tsofaffin kudu ke jawowa duk lokacin sanyi su zo shan rana a bakin teku. Kafin nan a jirgin kamun kifi ya yi ƙuruciyarsa, kuma can ya koyi tsoron yoyo. Da gwiwarsa ta gaji da teku, sai ya kafa rumfa a bayan gidansa, ƙarƙashin mangwaro. Matarsa Raelene ke ɗaukar waya tana rubuta sunayen masu zuwa.

Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne sauya tagar rufi, in rana ta cinye robarta ko ƙanƙara ta fasa ta. Hanyarsa ɗaya ce. Sai ya kankare tsohon gam har ƙarfe ya fito fes, ya shimfiɗa baƙin danƙo zagaye da ramin, ya ɗora taga, ya ɗaure da sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa, tsawonsa daidai kaurin katakon. Ba ya matsewa har roba ta tsage. Daga ƙarshe ya rufe kan kowane sukuru da gam mai kwanciya da kansa. Silikon kuwa bai yarda ya kwana a rumfarsa ba, don yana ɓarewa, kuma in ya ɓare ba abin da ke sake kamawa a gurbinsa.

A kan silikon ɗin nan suka daɗe suna tsiya da Gino Pellizzer, ɗaya mai gyaran da ke can ƙarshen gari. In suka haɗu a shagon shayi, Merv kan ce, "Ga mai man shafawa nan. Yau rufin wa ka shafe?"

Gino kan amsa, "Na wanda ya gaji da jiranka, tsoho. Kai taga ɗaya sai ka yi mata kwana biyu kamar mai yi mata aure."

A watan Nuwamba na shekarar da ya cika sittin da huɗu aka yi yayyafin farko, don a can a lokacin ne damina ke ƙaratowa. Washegari da hantsi Bronwyn Tighe ta zo. A rumbun tattara tumatir take aiki, kuma motarta ita ce gidanta rani da damina.

Ta ce, "Merv, ba ƙara na kawo ba. Amma jiya ruwa ya ɗigo mini a kan filo, ta tagar da ka sa."

Ya ce, "Ba dai tawa ba. Sai dai bututun fanka."

Ya jingina tsani ya hau. Da ya ɗaga bakin tagar, sai ya ga danƙo a gefe uku, gefe na huɗu kuwa ƙarfe ne tsirara. Ya kwance sukuru ɗaya. Baƙi ne, dogo, irin na haɗa kabad a cikin ɗaki, har ya fara tsatsa. Biyu sun huda katako sun leƙa ta silin. Ya so ya ce wani ne ya taɓa aikin bayansa, amma ga rubutunsa da fensir a jikin katako, kwanan wata na Yuli, yadda ya saba sawa a kowane aiki.

Ya daɗe a durƙushe a kan rufin, ƙarfe yana ƙona masa gwiwa. Kuskuren bai tsorata shi kamar wani abu dabam ba. Ya nemi ranar a ransa ya rasa. Bai tuna gaggawa ba, bai tuna wani ya kira shi ya sauko ba. Bai ma tuna ya taɓa hawa wannan rufin ba.

Ya gyara mata a ranar, yana duba kowane gefe sau uku. Da ya shiga gida cin abincin rana, ya ajiye baƙin sukurun a kan tebur ya gaya wa Raelene. Ta dube shi, ba ta yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Ya ce, "Kin sani ke nan."

Ta ce, "Na ga wasu abubuwa. Ran da muka je gidan Kirsty ka wuce kwanar, ka ce an sauya hanya. Shekara tara 'yarka tana gidan nan, Merv."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Sau biyu."

Bai taɓa abincin ba. Ya ce ta kawo littafin sunaye. Tun daga Afrilu ya sa taga goma sha ɗaya, kuma yawancin masu su sun koma kudu. Raelene ta ce ita za ta kira su, ta ce musu kamfanin gam ne ya aiko da sanarwa. Ya ƙi. Shi ya riƙa kira, ɗaya bayan ɗaya, yana maimaita magana ɗaya: "Merv ne daga Bowen. Ban amince da aikin da na yi maka ba. Ka sa a ɗaga tagar a duba kafin ruwa ya same ta." Wasu suka yi dariya, suka ɗauka zolaya ce. Wata tsohuwa a Mildura ta ce haka mijinta ya fara.

Motoci huɗu suna nan cikin gari. Da Raelene ta kai shi asibiti, likita ya ce a yi gwaje-gwaje a Townsville, kuma kafin nan kada ya sake taka tsani. Merv ya kwana biyu yana zagaya rumfa. A rana ta uku ya sa Raelene ta kai shi wurin Gino.

Gino ya fito yana goge hannu. "Wa nake gani? Ka zo koyon aiki ne?"

Merv ya ce, "Na zo roƙo. Akwai rufi huɗu da nake so ka hau mini. Kaina ya fara zubar da abubuwa, Gino."

Gino ya ninke tsumman hannunsa, ya sake ninkewa. "Gobe da sassafe, kafin ƙarfe ya yi zafi. Kawo kayanka, da su zan yi. Ka tsaya a ƙasa ka yi ta zagina yadda ka saba."

Haka suka yi mako guda. Uku lafiya suke, har Gino ya ce bai ga abin taɓawa a aikin ba. A ta huɗu, sukuru daidai ne, amma ba a rufe kawunansu da gam ba ko ɗaya. Gino ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rufe. Merv da ke riƙe da tsani ya ji ƙarar bindigar gam sau goma sha biyu, ya gane.

Daga kudu amsoshi suka riƙa zuwa. Biyar lafiya. Ɗaya kawai ba a samu ba, wani mutumin Tasmania mai suna Lindsay Crewe, wanda wayarsa ta daina shiga.

Sakamakon gwaji ya fito kafin Kirsimeti, ya tabbatar da abin da suke tsoro, cutar mantuwa ce. Merv ya cire allon tallan sana'arsa da ke bakin ƙofa da hannunsa. Har yanzu yana zuwa rumfar Gino da safe, ya zauna ya tsince sukuru, masu tsatsa gefe, marasa tsatsa gefe, kuma a wannan hannunsa bai taɓa ruɗewa ba. Damina ta sauka da ƙarfi a Janairu. Duk ran da hadari ya haɗu yakan tambayi Raelene ko mutumin Tasmania ya kira. Takan ce bai kira ba tukuna, kuma takan sake gwada lambar a gabansa.