Firizar Kawu a Gida Bakwai

Shekarar da masu sola suka kafa faifansu bayan kasuwar Isa, mun daɗe da cire rai da wutar gwamnati. Ni abu ɗaya nike so da wutarsu: fanka. Kakata, mahaifiyar Baba, numfashi ke sarƙe mata duk bazara, kuma hannuna ne ke kaɗa mata mafici.

Aka yi shela cewa ma'aikacin kamfani zai bi gida-gida ya rubuta kayan wutar kowa. To mu mun san rubutu. An rubuta mu don taki, an rubuta mu don gidan sauro, kuma kowane karo mai faɗin gaskiya ne ya koma gida da kaɗan. Saboda haka mazan layinmu suka zauna bayan la'asar suka yanke cewa wuta ma haka za a raba ta: mai kaya da yawa, wuta da yawa.

Ni na karanta takardar da aka manna a bangon shagon magani. Ba mita za a sa ba. Kuɗin wata ne, farashi biyu, na gida da na sana'a. Gidan da aka ga firiza ko injin niƙa, sana'a ne, ninki uku.

Na gaya wa Baba.

"Wa ya tambaye ki?"

"Takarda ta ce."

"Takarda ta taɓa ba ki taki?"

Firiza ɗaya ce a layinmu, ta Kawu, ƙanen Inna. Daga Nijar ya ɗauko ta bisa babur ta Burkusuma, ta faɗi sau ɗaya a hanya, murfin ya lotsa. Ƙanƙara yake sayarwa da ita, da janareta. Shi ya ba da aronta a nuna a kowane gida, don zumunci.

Ranar rubutu, kowane gida aka tsayar da ma'aikacin a zaure. "Dakata Malam, mata su kimtsa." A shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a tambaye shi hanya da iyali da damina. Matan kuwa tun hantsi suka kimtsa. Firiza ce ba ta kimtsa ba, tana kan ƙetare katangar baya, maza huɗu na nishi. A gidanmu Inna ta sa na lulluɓa mata zanen tebur don ta canza kama. Malam ya ɗaga zanen, ya duba, ya rubuta.

Gida bakwai ta shiga. Gidan Kawu ne na takwas, na ƙarshe, a lokacin masu ɗauka sun gaji, suka bar ta inda take suka tafi sallah. Malam ya tarar da kwan fitila ɗaya da rediyo. Ya rubuta Kawu a farashin gida.

Da wuta ta zo, wata ɗaya Kaka ta yi tana barcin rana ƙarƙashin fanka har da minshari. Sannan takardun kuɗin wuta suka zo. Baba ya daɗe yana kallon tamu kamar zai iya karanta ta, ya ce a je a ce su cire wayarsu.

Na ce za ni tafi. Ban ce abin da za ni faɗa ba.

A ofis na tarar da Malamin yana cin gyaɗa.

"Ba mu da firiza," na ce.

Ya buɗe littafinsa. "Ga ta nan. Fara, murfi a lotse."

"Duba gida na gaba."

Ya duba. Ya juya shafi. Ya sake juyawa. A na biyar ya daina tauna.

"Na ce ko a haka ake ƙera su."

"A haka ake faɗuwa da su."

"To ƙanwata, ba ni iya goge abin da idona ya gani sai na san inda take kwana. Firiza ɗaya, sana'a ɗaya. Ta wa ce?"

Kawu ne ya saya mini takalmin shiga sakandare. Na tuna da wannan. Na kuma tuna da mafici. Na kwatanta mashi gidan, har da bishiyar ƙofar.

Da yamma Kawu ya shigo babu sallama ta kirki.

"Yaya, ɗiyarki ta kai ni ƙara!"

"Ban kai ƙara ba, Kawu. Kwatance na yi."

"Ke 'yar boko, rufe mini baki!"

Inna ta ci gaba da tankaɗe. Aka mai da gida bakwai farashin gida, aka ɗaga Kawu. Baba bai ce na yi daidai ba. Na dai ji shi a zaure yana gaya wa mazan layi cewa shi dama tun farko ransa bai kwanta da maganar ba.

Fanka na nan tana juyawa. Da can kowace azahar Kawu kan aiko wa Kaka da ƙanƙara kyauta. Yanzu ni ke zuwa in saya. Ba ya kallona, ba ya ragi, kuma ya ƙara mata kuɗi. Ya ce wuta ta yi tsada.