Ranar da aka sa mata kuɗi a hannu

Na daɗe ina koyarwa, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe a raina, ban iya ware wannan daga waccan. Amma akwai wani bikin raba kyaututtuka a wata firamare a Kaura Namoda wanda ko na so mantawa da shi ba zai yiwu ba.

A lokacin ni ce malamar waƙe-waƙe, darasin da sauran malamai ke min tsiya wai albashin wasa nake ci. Wata rana aka kawo min yarinya makauniya aji huɗu. Iyayenta sun taso ne daga wajen Zurmi, uban yana ɗinki a bakin kasuwa. Da ya kawo ta, ya tsaya a ƙofar aji ya ce, "Malama, ta yi lissahi, ta yi karatu, amma ban da waƙa. Kina ganin makahin da ka bin kasuwa suna waƙa ana miƙa musu. Don kar ɗiyata ta zan haka na kawo ta nan."

Ni kuwa akwai naci. Na yi ta sintiri shagonsa har ya gaji da ganina, ya ce to, ta yi, amma cikin 'yan'uwanta, kar a ware ta ita kaɗai.

Ita ta koya min aikina. Da can a allo nake rubuta waƙa, in ɗaga hannu yara su fara. Sai na ga kullum tana shiga waƙar a makare, don ba ta san an ɗaga hannu ba. Na daina, na koma buga ganga kafin a fara, ajin ma gaba ɗaya ya fi daidaita. Baitocin kuma lokacin tara nake karanta mata, kafin a koma aji ta haddace. Muryarta siririya ce amma ba ta rawa. Ba a jima ba ta zama mai bayarwa, sauran suna amsawa, har ta fara gyara min: "Malama, kin tsallake baiti."

Ranar bikin na tsayar da ita a tsakiyar sahu, kamar yadda na yi wa uban alkawari. Ya zo da sabuwar hula, ya zauna can baya. Da ta ɗauko waƙar, na hango shi yana murmushi. Sai iyaye suka taso yin liƙi, suna manna wa yaran kuɗi a goshi, ana shewa. Da suka zo kanta sai suka canja. Wata dattijuwa ta kama hannunta, ta buɗe tafin, ta sa mata kuɗi ta dunƙule, ta ce, "Karɓi sadaka, baiwar Allah. Allah shi ba da lahiya." Na bayanta ma suka bi sahu. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Haka suka saba yi in sun ga makaho yana waƙa. Yarinyar ta ƙarasa baitinta da hannu a dunƙule.

Na ɗauka uban zai cire ta daga darasin. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Na ji muryatta, Malama. In tana so, ta ci gaba."

Washegari lokacin tara ta laluba ta zo teburina, ta ajiye kuɗin nan a gabana.

"Malama, sauran ma a hannu anka sa musu?"

Na so in yi mata ƙarya, amma na kasa. Na ce a'a, a goshi ne. Ta gyaɗa kai, ta koma wurin zamanta. Daga ranar har ta gama aji shida tana shiga darasina, tana zama tsaf, amma ban sake jin waƙa a bakinta ba. Na lallashe ta, ubanta da kansa ya lallashe ta, ta ce ita dai ta fi son lissafi. An ce min yanzu tana aure a Shinkafi, tana zaune lafiya, amma har yau in na tuna muryar nan sai takaici ya kama ni.

Abin da na koya shi ne, gyara aji saboda yaro mai lalura rabin aikin ne kawai. Tun daga nan, kafin ɗalibaina su tsaya gaban jama'a, ni nake fara tsayawa in faɗa wa iyaye: duk wanda zai yi liƙi, ya yi wa kowa iri ɗaya, ko ya zauna. Magana ce ta minti ɗaya, kuma da na san da ita a ranar, da yarinyar nan ba ta yi shiru ba.