Baba Isyaku da Layin da Aka Cire wa Ƙarfe

Ina zaune a shagona na unguwar Chow Kit, nan ƙasar waje, ƙofa rabi a buɗe saboda dokar kulle da aka sake sakawa, Nura ya kira ni. Ya ce, "Alhaji, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Korona ce ta ɗauke shi a asibiti, ko ɗansa ba a bari ya riƙe hannunsa ba.

Baba Isyaku tsohon leburan reluwe ne daga Kano. Ya zo ganin ɗansa Nura da ke karatun digirin dakta a unguwar Pantai Dalam, aka rufe iyakoki, ya maƙale a saman bene. Ni ban wuce sakandare ba, kuma ba gwamnati ce ta turo ni ƙasar nan ba, da gumina na tsaya. Wataƙila shi ya sa jininmu ya haɗu.

Da aka sassauta dokar, na riƙa kai shi bayan gari ya miƙe ƙafa. Akwai wani tsohon layin dogo tsakanin gonakin kwakwar manja, an kwashe ƙarafan, an zuba tsakuwa, masu tattaki da keke da doki suna bi. Ranar farko ya daɗe yana kallon wani ƙato da ya wuce a kan keke cikin matsattsen wando, sannan ya ce, "Alhaji, hanyar da ta ɗauki abincin gari guda ce aka mai da ta wurin rage tumbi?"

Bai taɓa takawa ta tsakiya ba, kullum ta gefe. In zai tsallaka sai ya tsaya, ya janye takunkumin fuskarsa, ya karkata kunne, ya duba gabas da yamma. In jikarsa Amira na tare da mu sai ya damƙe hannunta, tana cewa da irin maganar yaran ƙasar nan, "Kaka, babu jirgi lah!" shi kuwa bai sake ta ba sai sun haye.

Wata Asabar muka haɗu da ayarin 'yan bokonmu, daktoci da masu jiran zama daktoci, kowa da hular kwano kamar kunkuru. Ba wanda ya sauko daga keke ya gaishe shi. Ɗayansu ya ɗaga waya ya ɗauki Baba yana sauraron jirgi, ana jin muryarsa yana cewa, "Baba, jirgin Nguru ya yi latti ne?" sauran suna ƙyaƙyata dariya. Kafin magariba bidiyon ya zagaya guruf ɗinmu na 'yan Arewa a waya. Nura ya gani ya kasa tsawatarwa, don wanda ya ɗauka babbansa ne a makaranta.

Ba wanda ya tambayi dalili a cikinsu. Ni na tambaya, muna shan shayi a wani kedai, wato ɗan shago. Ya ce, "Ina saurayi na tattara abokin aikina daga kan layi, a buhu na kai wa uwarsa shi. Su sun cire ƙarfensu, ni ba a cire mini abin da na gani ba."

Ranar jana'iza mutum kaɗan aka yarda su je, wannan na sani, ban zargi kowa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na tarar da na dawo daga maƙabarta. Bidiyon nan dai aka sake sakawa, dariyar tana ciki, an rubuta "Allah ya jiƙan Baba" a ƙasa. Duk digirorin nan, a rasa mutum ɗaya da zai ce wannan bai dace ba!

Hajiya Rabi, matarsa, tana takaba a Kano, kuma duk yaran gidan suna da waya. Ba ta ga gawarsa ba, ba za ta ga kabarinsa ba. Kada ganinta na ƙarshe da mijinta ya zama ana yi masa dariya. Ban kira suna ba, amma na san kowace murya. Ku goge bidiyon nan yau. Duk wanda ya tura shi gida Kano kuma, kada ya ƙara taka ƙofar shagona.

Allah ya jiƙan Baba Isyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunta. Allah ya ba Nura da 'yan'uwansa haƙuri, ya raya Amira. Hajiya Rabi kuma, Allah ya sanyaya zuciyarta, ya tsare idonta daga abin da zai ƙara mata ciwo. Amin.