Karan Awon Inna

Ina tsakar gidan Inna a Roni, hannuna duk man gyaɗa, wayata ta yi ƙara. Ƙanin maigidana ne. Ya tambaye ni ina nake, na faɗa masa. Ya ce Yaya ya yanke jiki ya faɗi a shago, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na yi salati. Na tuna sai da na goge hannuna da zani kafin na zauna.

Maigidana mai walda ne a Kazaure. Ƙofofi da tagogi su ne abincinmu, amma hankalinsa yana kan ƙera sabon abu. Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa suke yi masa dariya a kai: ba ya sayar da sabon abu sai ya ba da aronsa ga wanda zai yi aiki da shi, ya wahalar da shi, ya dawo ya faɗi aibinsa. Amalanken da ya yi wa wani manomi a Gwiwa sai da ya sha komowa shago kafin ya yarda ya yi na sayarwa.

Da ya juya kan kayan aikin mata sai ya gamu da cikas, domin ba zai shiga gidan matan aure ya tsaya yana kallo ba. Nan na shigo. Ni nake zuwa in zauna, in ga yadda ake yi, in dawo in ba shi labari yana cin tuwo. Yakan ce kada in kawo masa yabo, yabo ba ya gyara komai.

Inna dattijuwa ce mai ƙuli-ƙuli, da sana'ar take riƙe jikokinta. Kafaɗarta ta dama ta gaji da juya markaɗen gyaɗa a turmi, har a asibiti aka ce ta ajiye taɓarya. Saboda ita ya ƙera wata tukunyar ƙarfe mai ƙafafu, da mariƙi a sama, ana juyawa mai yana tsatsowa. Ya gwada a shago ya ji daɗi, aka ɗora a babur aka kai mata.

A ranar nan na je jin sakamako. Na tarar ta jingine injin a gindin rumbu ta koma turminta. Da na tambaya, sai ta yi ta kewaye-kewaye, wai abu ya yi kyau, Allah ya saka. Na ce maigidana ya hana ni komawa da godiya. Ta yi dariya.

"To 'yar nan, ki ce masa shi a tsaye yake aiki, mu a zaune. Wa ya taɓa ganin mace ta yini a tsaye tana ƙuli? Wannan sai dogarin ƙofa."

Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna, ta miƙa hannu daidai inda kafaɗar ba ta ciwo. Na ɗauko karan dawa na auna daga ƙasa zuwa tafin hannunta, na karya. Muka saka injin a wani rami da ke gefen murhu don ya yi ƙasa, ta juya, mai ya fito, ba ta yamutsa fuska ba. Ina cikin tunanin yadda zan tsokane shi da maganar dogari wayar ta shigo.

Ban san na taho da karan ba sai bayan sadakar uku, na gan shi a jakata.

Ina cikin takaba Inna ta zo gaisuwa, da injin ɗaure a bayan babur. Na roƙe ta ta mayar, ko a ramin ne ta ci gaba da amfani da shi. Ta ƙi.

"Aro ya ba ni, yanzu kuwa na marayu ne. Ba zan ci da kayan marayu ba."

Na yi wa ƙaninsa magana ko za a samu mai rage ƙafafun a mayar mata. Ya ce in yi haƙuri, ba a taɓa komai na shagon sai an yi rabon gado. Ban ga laifinsa ba, shi ma amana yake tsoro.

Na ji an ce Inna ta koma taɓarya, rana ɗaya ta yi aiki, rana ɗaya ta kwanta. Injin yana zaure an rufe shi da buhu, karan yana kan durowata. Har yau ba a rage ƙafafun ba.