Yadda Baba Ya Bi Turamen Minna

Ranar wata Asabar ce a cikin watan Agusta, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, Baba ya turo babur ɗinsa daga zaure ya ce mu sa takalma, yau a waje za mu ci abincin rana. Ruwa ya ɗauke ke nan, lungunmu na Limawa duk ya yi caɓi, agwagin maƙwabta suna ta wasa a cikin kwata. Ni da ƙanwata Talatu muka tsaya muna kallonsa baki buɗe, don a iya sanina Baba bai taɓa kai loma bakinsa a kan titi ba. Ko dafaffiyar gyaɗa aka ba shi a shago, sai ya ƙunshe ta a takarda ya kawo gida. Yakan ce magidancin da aka gani a bencin mai tuwo ya tona wa matarsa asiri. Amma a lokacin Mama ta jima ba ta gidan, kuma tuwon da ni Asabe nake tuƙawa, ko kajinmu sai sun yi shawara kafin su taɓa shi. Ya ɗora Talatu a kan tanki, ni na hau baya na riƙe rigarsa, muka fita.

Mama 'yar Gwada ce, daga gidan manoman doya, 'yar ƙabilar Gbagyi gaba da baya. Kamar sauran matan gidansu, ba ta ɗaukar kaya a ka. Tulu ne, itace ne, kwandon doya ne, a kafaɗa take aza shi, ta ɗan karkata ta yi tafiyarta. Kakan Baba kuwa aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi Minna, kuma yayar Baba, wato Gwaggo, ba ta taɓa barin kowa ya manta cewa su asalinsu Kanawa ne ba. Ranar wani suna a gidan Gwaggo, Mama ta shigo da daro cike da doya a kafaɗa, gida maƙil da baƙi. Gwaggo ta ɗaga murya ta ce, “Shekara nawa a gidanmu, har yau ba ki koyi ɗaukar kaya irin na mutane ba?” Mata suka kwashe da dariya. Baba yana bakin ƙofa yana shigo da kujeru, shi ma ya dara. Mama ta sauke daron, ta fere doya, ta yi daka, ta wanke tukwane har yamma. Washegari ta share tsakar gida, ta cika mana randa, ta shafa kaina da na Talatu, ta fita. Maganar Gwaggo ta saba da ita. Dariyar Baba ce ta tsaya mata a rai.

Gidan ya koma wani iri. Muna fita wasan carafke da 'yar gala-gala a ƙofar gida kamar kullum, muna zuwa Islamiyya da yamma, amma da mun dawo sai shirun ya tare mu tun daga zaure. Talatu ta koma kwana da zanen Mama a hannu. Baba kuma ya dage kada unguwa ta sani, har yakan hura wuta a murhu ya ɗora ruwa zalla don hayaƙi ya tashi a ɗauka girki ake yi. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, wadda katanga kaɗai ta raba mu, ta san komai. Takan miƙo kwano ta saman katangar ta ce, “Asabe, karɓi, ya yi mana yawa ne,” kullum kuwa sai ya yi musu yawa. Baba ya tafi biko Gwada ya dawo shi kaɗai, da doya ɗaure a bayan babur. Ina wanke-wanke na jiyo shi a zaure yana gaya wa wani abokinsa cewa surukinsa ya ce Mama tana cikin Minna, tana taya wata mai sayar da abinci dakan sakwara, ta kuma roƙa kada a faɗi wurin. Tsohon ya ce masa in yana son matarsa ya nemo ta da ƙafarsa. Don haka ranar da ya ce mu fita cin abinci na san abin da za mu nema. Na yi kamar ban sani ba, shi ma ya yi kamar yunwa ce kawai.

Baba mai gyaran rediyo ne, abincinsa a kunnensa yake. Yakan kara rediyo a kunne ya gaya maka abin da ya lalace tun bai kwance ta ba. Da kunnen nan ya shiga neman Mama. Mukan shiga unguwa da hantsi, lokacin da ake sauke doya daga wuta, sai ya kashe babur ya ce mu yi shiru. Daga bayan wata rumfa ko wani shago sai ka ji turmi yana amsawa. Ya saurara, ya saurara, ya girgiza kai, ba dakan Mama ba ne. Amma tunda an zo, kuma yara sun ji ƙamshi, dole a zauna a ci. A haka mutumin da bai taɓa cin abincin waje ba ya zama gwanin sanin wurin ci, har da dokokinsa. “Kada ku dubi fentin rumfa,” yakan ce, “ku dubi ruwan wanke hannu.” In ya ga direbobi sun duƙufa suna ci babu mai magana, ya ce nan ne. In kuwa mai abinci ta fito titi tana kiran mutane, ko tsayawa ba ya yi.

Cikin hutun nan na san Minna fiye da duk shekarun da na yi a baya. A Kpakungu muka ci tuwon shinkafa da miyar wake da busasshen kifi a wurin wata Banufiya mai faɗa, wadda ta ƙara wa Talatu kifi tana yi mata tsawar ta rame. Kusa da tashar jirgi muka ci amala da miya mai yauƙi da barkonon da ya sa ni hawaye, Baba yana ta miƙo mini ruwa. A Tunga wata mata ta koya mana haɗiye teba ba tare da tauna ba. Mun je Bosso, mun je Maitumbi, ruwa ya sha dukanmu a hanya mu fake a rumfar masu faci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yawon nan ƙwarai, ina kuma jin kunyar daɗin da nake ji. Duk inda muka zauna, Baba yakan zaɓi bencin da ke kallon bayan rumfa, ya ci rabi ya ture mana sauran. A gida kuma Gwaggo ta fara zancen cewa yara mata ba sa zama a hannun namiji, in an koma makaranta ni zan dawo wurinta, Talatu a kai ta Beji wurin wata 'yar'uwa.

Hutu ya kusa ƙarewa muka nufi Chanchaga. Kogin ya cika ya yi ja, manyan motoci sun yi layi a gefen hanya. Baba ya kashe babur kusa da wata rumfar kwano da ko suna ba ta da shi. Taɓare biyu ne ke sauka a turmi ɗaya, ɗaya mai nauyi, ɗaya mai sauri da ɗan jinkiri a bugu na uku. Ni ban gane komai ba. Na dai ji bayan Baba ya sandare a ƙarƙashin hannuna. Muka shiga muka zauna cikin direbobi, kuma a cikinsu akwai mutanen Limawa da suka san shi sarai, suka gaishe shi suna satar kallon juna. Can sai ga Mama ta fito da kwanuka, ta rame, gumi yana bin wuyanta. Talatu ta ƙwalla ƙara ta ruƙunƙume ƙafafunta. Mama ta ajiye kwanukan, ta ɗauke ta, ta jawo ni jikinta, tana ƙamshin hayaƙi da sabuwar doya. Sannan ta dubi Baba kamar baƙo ta ce, “Malam, babu abinci a gidanka ne?”

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban mutane ba. Ya ce, “Akwai hatsi, akwai doya. Ke ce babu. Na yi dariyar da bai kamata ba, ki yafe mini.” Mama ta koma ciki, ta fito da malmalar sakwara mai zafi da miyar agushi, ta ajiye a gabansa ta ce ya ci kafin ta huce. Ya cinye tas, ranar bai ture wa kowa saura ba. Ba ta biyo mu a ranar ba, don Mama ba mai saurin saukowa ba ce. Sai da Baba ya yi ta zarya Chanchaga, ya sake komawa Gwada da dattawa, ya kuma je ya yi magana da Gwaggo, maganar da har yau ban san abin da ya ƙunsa ba. Ana saura kaɗan a koma makaranta muka dawo daga ɗiban ruwa muka tarar da ita tana shara, tana mitar yadda na ƙona mata tukwane.

Yanzu Minna ta cika da gidajen abinci masu gilashi da sanyin na'ura. 'Ya'yana a waya suke duba inda za mu je, wani lokaci ma ɗan acaɓa ne ke kawo mana har ƙofa. Sakwarar yawanci inji ke yin ta, ko garin leda ake tuƙawa, kana iya zaga unguwa guda da hantsi ba ka ji turmi ba. Rumfar Chanchaga ta zama jerin shaguna. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, Mama kuma tana wurina, hannunta ba ya iya ɗaga taɓarya. Kwanakin baya ina matsa mata kafaɗa na tambaye ta ko ta yi mamakin ganinmu a ranar. Ta yi dariya har da tari, ta ce, “Wane mamaki? Tun daga gada na hango ku ta hudar kwanon rumfa. Akwai ƙofar baya, da na so da na fita. Sai na karɓi taɓarya a hannun yarinyar da ke daka, don kada babanku ya wuce.” Ta goge ido da bakin zane, ta ce in kashe fitila haske ya dame ta, alhali da rana tsaka ne.

Ina kewar mutumin nan, kuma na ga ba ni kaɗai ba ce.